Ina Ruwanmu da Mutuwar Taurari?

Akwai wata magana da muka gaji da ji a ɗakunan kwananmu da gindin itatuwan wannan jami'a, duk sa'ad da rediyo ya kawo labarin cewa masana sun hango wani tauraro ya fashe can a ƙuryar sararin samaniya. Kafin mai karanta labari ya rufe baki, sai ka ji wani ɗan'uwa ya yi tsaki ya ce, "Ina ruwanmu? Mu da ba mu ƙoshi da tuwo ba, mu da famfonmu ya yi wata guda bai ɗiga ba, wa ya aike mu kallon taurari?" Sai a yi dariya a watse, ana ganin an kashe bakin zance. To, mu dai ba mu yarda an kashe shi ba. Ba mu raina yunwa ba, gama layin abinci ɗaya muke bi da mai tsakin, bokiti ɗaya muke ɗauka zuwa neman ruwa. Abin da ya dame mu shi ne, wannan magana ta fito daga bakin ɗan jami'a, mutumin da talakawa suka biya haraji domin ya je ya yi musu tambayoyin da wahalar rayuwa ta hana su yi. Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa ɗalibai su yi haƙuri su ji yadda labarin yake tun daga tushe, sa'an nan su yanke hukunci.

Labarin ya faro ne daga bom, kuma ƙurar bom ɗin ba ta yi nisa da mu ba. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bom ɗinta na atom na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, hamadar nan da iskar hunturu take bi kafin ta iso mana. Da ta maimaita har sau uku, sai gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Ikko a watan Janairu 1961. Irin wannan kuka daga sassa da yawa na duniya yana cikin abin da ya sa Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyat suka sa hannu a Mosko cikin 1963 kan yarjejeniyar daina gwajin makaman nukiliya a cikin iska da ƙarƙashin teku da sararin samaniya. Amma da yake ba wanda ya amince da wani, a shekarar nan Amurka ta fara harba waɗansu taurarin ɗan'adam biyu biyu, masu suna Vela, aikinsu gadi kawai: in wani ya saci jiki ya tayar da bom a sama, su ji tartsatsin hasken da ake kira gamma, su kai rahoto.

Ran 2 ga Yuli 1967 sai masu gadi suka ji tartsatsi. Da aka duba sai aka ga bai yi kama da na bom ba. Aka ajiye, aka ci gaba da tarawa, har zuwa 1973 lokacin da Ray Klebesadel da abokan aikinsa biyu na Los Alamos suka buga rahoton irin wannan walƙiya guda 16, suka nuna cewa ba daga duniya take ba, ba kuma daga rana ba. Ashe ana fakon ɓarawo ne aka ci karo da abin da ya fi ɓarawon girma. Mun kawo wannan ne domin kada wani ya zaci muna ɗaukan manyan ƙasashe tamkar waliyyan ilmi. Tsoro ne ya biya kuɗin Vela. Sai dai kuma akwai mutanen da aka horar, suna zaune a gaban takardun, waɗanda da suka ga abin da ba su gane ba, ba su jefa shi kwandon shara ba.

Mai karatu zai ce, me ya sa sai an hau sama? Dalili shi ne, hasken da idonmu yake gani ɗan yanki ne ƙanƙane na hasken da Allah Ya halitta. Gaba da shi akwai eksire, watau hasken nan da ake ɗaukan hoton ƙirji da na karaya da shi a asibiti, gaba da eksire kuma akwai gamma, wanda ya fi kowane ƙarfin ratsa jiki. Abin da zafinsa ya kai digiri miliyoyi, da eksire yake haskakawa. Iskar da ta lulluɓe duniya kuwa tana shanye waɗannan biyu kafin su iso ƙasa. Wannan rahama ce, domin da suna isowa da ba mu rayu ba, amma rahamar ta zama labule ga mai bincike. Sai a 1962 Riccardo Giacconi da ƙungiyarsa suka harba wata 'yar roka ta leƙa bayan labulen na mintoci kaɗan, suka sami tushen eksire na farko a wajen da'irar ranarmu.

A nan ne Afirka ta shigo cikin labarin, shigowar da ya kamata ta sosa mana rai. Tauraron ɗan'adam na farko da aka ƙera musamman domin nazarin eksire na samaniya, daga gaɓar tekun Kenya aka harba shi, kusa da Malindi, a kan wani dandamali da Italiyawa suka kafa a cikin ruwa. An zaɓi wurin ne saboda yana kusa da tsakiyar cikin duniya, inda juyawar ƙasa take ƙara wa roka gudu. Ranar kuwa ita ce 12 ga Disamba 1970, ranar da Kenya ta cika shekara 7 da samun mulkin kai, don haka aka raɗa masa suna Uhuru, watau 'yanci da Sawahili. Uhuru ya lissafo tushen eksire 339. Giacconi ya sami lambar Nobel a 2002. Mu kuwa muka ba da fili, muka ba da suna, muka tafa. Duk wanda ya karanta tarihin gyaɗa da auduga da kuza ya san wannan ciniki, ba sai an fassara masa ba.

Mu koma kan walƙiyar gamma. Shekara 30 cur ta yi tana yi wa masana wasan ɓuya. Takan zo kamar sau ɗaya a yini, ba sallama, daga kowace fuska, ta yi daƙiƙa kaɗan ko mintoci kaɗan ta ɓace, ba ta kuma sake fitowa daga inda ta fito. Hasken gamma ba ya tankwaruwa da madubi, saboda haka na'ura takan ji shi ne kamar yadda mai barci yake jin tsawa: ya san an yi, amma ba zai iya nuna wurin da yatsa ba. Tauraron Compton da Amurka ta harba a 1991 ya ƙirga walƙiya fiye da 2,700 cikin shekara 9, ya tarar sun bazu daidai wa daida a ko'ina cikin sama. Wannan ya zama abin tunani. Ranarmu tana zaune ne a cikin wani babban birnin taurari mai siffar faifai, da walƙiyar ta cikin birnin ce da an ga ta taru a layin faifan. Duk da haka gardama ba ta mutu ba. A watan Afrilu 1995 aka shirya muhawara a bainar jama'a a Washington, Bohdan Paczynski yana cewa daga nesa ƙwarai take, Donald Lamb yana cewa daga bayan ganuwar birninmu ne. Aka tashi ba wanda ya kā da wani, domin hujjar da za ta raba su ba ta zo hannu ba tukuna. Muna so 'yan'uwanmu masu son muhawara su lura da wannan: manyan malamai biyu, kowa ya faɗi nasa, ba zagi, ba gori, kuma kowa ya yarda cewa awo ne alƙali.

Alƙalin ya zo daga eksire. Shi eksire, saɓanin gamma, ana iya tattara shi in aka sa ya gogi madubi a kaikaice, kamar yadda yaro yake jefa faffaɗan dutse ya yi tsalle a kan ruwan kududdufi. Italiya da Holan suka haɗa hannu suka harba BeppoSAX a 1996. Ran 28 ga Fabrairu 1997 ya ji walƙiya, masu kula da shi suka yi ta fama har suka juya shi ya fuskanci wurin bayan awa 8, sai ga wani ɗigon eksire yana dusashewa sannu a hankali inda da babu kome. Wannan saura da yake biyo bayan walƙiya mu za mu kira shi shafaƙi, gama kamar jan nan yake da ke saura a yamma bayan rana ta faɗi. Da aka sami wurin daidai, sai madubin hangen nesa na tsibirin La Palma ya ga ɗigon da hasken ido, daga baya kuma aka ga wani birnin taurari dishi-dishi a gefensa. A watan Mayu na shekarar aka auna nisan wata walƙiyar, aka tarar haskenta ya yi fiye da shekara biliyan 6 a hanya. Haske kuwa kilomita 300,000 yake ci a daƙiƙa guda, daga rana zuwa nan minti 8 ne. Watau abin ya auku tun ba a halicci wannan duniya tamu ba. Paczynski ya yi gaskiya.

In abu yana da wannan nisa amma ya girgiza na'ura a nan, to, ƙarfinsa ya wuce misali. Lissafi ya nuna cewa walƙiya guda tana iya fitar da makamashi cikin daƙiƙoƙi kwatankwacin abin da rana za ta fitar a duk tsawon rayuwarta ta shekara biliyan 10. Bayanin da masana suka tsaya a kai shi ne, walƙiyar iri biyu ce, iyakar da ke tsakaninsu kuwa wajen daƙiƙa 2. Doguwar, mutuwar ƙaton tauraro ce. Tauraro yana rayuwa ne tsakanin ƙarfi biyu, nauyinsa yana danna shi ciki, wutar cikinsa tana tura shi waje. Yakan yi ta ƙona sinadari mai sauƙi yana mai da shi mai nauyi har cikinsa ya zama baƙin ƙarfe, shi kuwa ƙarfe ba ya ba da wuta. Nan take sai cikin ya rufta. In tauraron yana juyawa da sauri, sai baƙin rami ya samu a tsakiya, harsunan wuta biyu su huda jikin tauraron su fita da gudu kusa da na haske. Wanda harshen ya saita shi, shi yake ganin walƙiya. An ga alamar haka a 1998, aka tabbatar a 2003 sa'ad da fashewar tauraro ta bayyana a daidai gurbin wata walƙiya bayan 'yan kwanaki.

Gajeriyar kuwa sai ran 17 ga Agusta 2017 asirinta ya gama tonuwa. A ranar, na'urorin LIGO a Amurka suka ji girgizar sarari daga karon taurarin nutron biyu, watau gawawwakin taurari masu faɗin gari guda amma kowannensu ya fi rana nauyi. Bayan daƙiƙa 1.7 tauraron Fermi ya ji walƙiyar gamma daga fuskar nan. Wuraren hange wajen 70 suka juya can. Eksire bai bayyana ba sai bayan kwana 9, lokacin da tauraron Chandra ya gan shi, kuma jinkirin nan shi ya nuna cewa a kaikaice muke kallon harshen wutar. A cikin tarkacen aka ga alamun sinadarai masu nauyi suna samuwa, dangin zinariya.

To, ga amsa ta farko ga mai tsaki. Ƙarfen da ke cikin jininka, wanda in ya yi ƙaranci likita yake ce maka ba ka da jini, a cikin taurari aka dafa shi, fashewarsu ce ta watsa shi. Chandra, wanda aka harba a 1999, ya ɗauki hoton ɓurɓushin wani tauraro da ake kira Cassiopeia A, wanda hasken fashewarsa ya iso duniya wajen shekara 340 da suka wuce, ya nuna inda ƙarfe yake, inda farar wuta take, inda sinadarin ƙashi yake, kowanne a gefensa kamar kayan koli a kan tabarma. Zinariyar da ake zubar da jini a kanta a Zamfara, da yuraniyom da aka yi shekaru ana kwasa daga Arlit, ba ƙasa ce ta ƙera su ba, irin wannan karo da fashewa ne suka samar da su tun kafin a yi rana. Muna haƙa su, muna mutuwa a ramukansu, wasu suna sayensu da arha, sa'an nan mu ce sanin asalinsu ba ruwanmu.

Akwai masu kare wannan fanni da cewa yana haifar da kayan amfani, suna misali da na'urar duba jakunkuna a filin jirgin sama, wadda kamfanin da Giacconi ya yi wa aiki yana cikin waɗanda suka fara ƙera ta. Gaskiya ne, amma mu ba za mu jingina a kan wannan ba. Wanda ya ce sai ilmi ya nuna ribarsa tun kafin a neme shi, zai ƙare yana sayen ribar a hannun wanda bai yi wannan sharaɗi ba.

Amsa ta biyu ga masu cewa wannan sha'anin Turawa ne. A shekara ta 1006 wani sabon tauraro ya bayyana a sama. Wanda ya bar ɗaya daga cikin bayanai mafi kyau a kansa shi ne Ali ibn Ridwan, likita a Masar, wanda ya kwatanta girmansa da na Zara, haskensa kuma da wani yanki na hasken wata, ya kuma faɗi gurbinsa. Bayan kusan shekara 1,000, a 1995, tauraron ASCA na Japan ya duba ɓurɓushin wannan fashewa da eksire, ya nuna cewa a gefunansa ake ingiza ƙwayoyin zarra har su kusa gudun haske. Bamisire ya rubuta, Bajapane ya ƙarasa. Har wa yau, a 1965 wani ɗan Nijeriya, Samuel Okoye, yana ɗalibi a Kambirij, shi da malaminsa Antony Hewish suka buga rahoton wani ƙaramin tushen igiyar rediyo mai ban mamaki a tsakiyar ɓurɓushin tauraron da ya fashe a 1054. A 1968 aka gane cewa tauraron nutron ne mai juyawa wajen sau 30 a daƙiƙa. Okoye ya dawo gida ya koyar a Nsukka. Mu tambayi kanmu, cikinmu mutum nawa ne suka taɓa jin sunansa a aji?

Amma babbar hujjarmu ita ce wannan: ƙofar a buɗe take, mu ne ba mu shiga ba. Ba muna cewa gwamnati ta bar rijiya da asibiti ta ƙera madubin eksire ba, wannan wauta ce. Tauraron Swift da aka harba a 2004 an gina shi ne domin ya juya da kansa cikin minti ɗaya ko biyu, abin da ya ci wa BeppoSAX awa 8, ya kuma riƙa gano walƙiya wajen 100 a shekara. Tun farko aka ƙa'ida cewa bayanansa na kowa ne. Sanarwar sabuwar walƙiya tana zaga duniya ta intanet cikin daƙiƙoƙi, kyauta. Rumbun bayanan Chandra a buɗe yake, manhajojin tantance su ma kyauta ne. Abin da ake bukata shi ne kwamfuta, da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa tsakiyar aiki, da malami guda da ya san hanya, da ɗalibin da bai tsorata da lissafi ba. Ran 9 ga Janairu 2008 wata matashiyar masaniya, Alicia Soderberg, tana amfani da Swift tana duba wata tsohuwar fashewa, sai wani tauraro dabam a cikin birnin taurarin nan ya fashe a gaban na'urar, ta kama tartsatsin eksire na mintocin farko, abin da aka daɗe ana hasashe. Wasu za su ce tsuntsu ne daga sama gasasshe. Lalle, amma a hannun mai kallon sama ya faɗo.

Maƙwabtanmu na kudancin nahiyar ba su tsaya hangen Dala ba. A Namibiya na'urorin H.E.S.S. sun kama hasken gamma mai matuƙar ƙarfi daga shafaƙin wata walƙiya a 2019. Babban madubin Sutherland na Afirka ta Kudu yana cikin waɗanda suka duba karon 2017. Mun san hazon hunturu da gajimaren damina suna rage mana darare masu kyau, don haka ba mu fara da neman madubi ba. Aikin eksire ba ya kula da hazo, tun da a sama aka riga aka ɗauko shi.

Me ya hana mu, in ba halinmu ba? Mun mai da sashen fiziya wurin da ake jefa wanda bai sami gurbin likitanci ko injiniya ba, ya shiga yana jin an yi masa horo. Muna haddace takardun malami mu amayar ranar jarrabawa, mu manta kafin hutu ya ƙare. Ɗalibi yakan gama shekara huɗu bai taɓa riƙe awo na gaske ba, irin wanda amsarsa ba ta bayan littafi. Sa'an nan ga sha'anin harshe. Iyayenmu sun san Gamzaki, sun san Kaza da 'Ya'yanta, suna duban su su san lokacin shuka da na asuba. Mu da muka zo jami'a ba mu iya komawa gida mu gaya wa tsohuwa da Hausa abin da ya sa tauraro yake mutuwa ba, sai mu ɓuya a bayan Turanci, mu ce harshen ne bai isa ba.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Ran 9 ga Oktoba 2022 walƙiyar da ta fi duk wadda aka taɓa aunawa ta iso, bayan tafiyar kusan shekara biliyan 2. Ta makantar da na'urori da yawa na ɗan lokaci, ta motsa saman iskar duniya har aka ji sauyi a igiyoyin rediyo, kuma masana suka ƙiyasta cewa irinta takan zo ne kamar sau ɗaya a shekara 10,000. Wanda yake shirye ya yi aiki a kanta, wanda ba ya shirye ya karanta a jarida. A 2024 aka gabatar da kasafin kuɗi a Amurka mai neman rage wa Chandra kuɗi ƙwarai, masana suka yi ca. A shekarar nan kuma Sin ta harba Einstein Probe cikin Janairu, ta sake harba SVOM tare da Faransa cikin Yuni. Sin ɗin nan, lokacin da Vela ya ji walƙiyar farko, ba ta ko harba tauraron ɗan'adam ɗaya ba, sai a 1970.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai su kai wa hukumar jami'a buƙatu uku a zama na gaba. A ware ɗaki guda mai wutar hasken rana da intanet, a buɗe shi dare da rana ga ɗaliban fiziya da lissafi da kwamfuta. A yarda ɗalibin ajin ƙarshe ya yi kundinsa a kan bayanan Swift ko Chandra, a nemo masa mai dubawa ko daga wata jami'a ce. Sa'an nan sashen fiziya da sashen harsunan Nijeriya su zauna tebur ɗaya su daidaita kalmomin wannan fanni da Hausa, su gyara namu da muka ƙaga a nan in sun ga sun karkace. Daga kuɗin da ƙungiya take kashewa a makon shagali na shekara, muna ba da shawarar a yanke na dare ɗaya a sayi batura da faifan hasken rana na ɗakin nan da shi.